Yadda Ake Gano Abin Da Ke Hana Rediyon Mota Kamawa A Legas

Direban da ke wuni a kan titunan Legas ba don nishaɗi kaɗai yake kunna rediyo ba. Wanda ya ɗauko kaya daga kasuwar Mile 12 zai nufi Apapa yana bukatar ya ji ko hanyar Ikorodu ta toshe tun kafin ya faɗa cikinta, shi ya sa da yawa daga cikinmu ba sa kawar da akwatin daga 96.1, wato tashar da gwamnatin jihar ta buɗe a shekarar 2012 domin ba da rahoton cunkoson ababen hawa. Saboda haka, da zarar rediyo ya fara shuu, ko murya ta riƙa zuwa tana ɗaukewa, abin da mutum ke fara yi shi ne ya nufi Ladipo ko Alaba ya sayo sabo. A ganina wannan gaggawar ce take cinye kuɗin mutane, domin sau da yawa akwatin kansa lafiyarsa ƙalau, laifin yana wurin eriya, ko wayar da ta taho daga gare ta, ko kuma wani ƙaramin abu da aka jona wa motar daga baya. Sabon rediyon da aka ɗaura ba tare da an gano tushen matsalar ba zai yi irin kukan da tsohon ya yi.

Aikin farko na kunne ne, kuma ba ya cin ko kwabo. Abubuwa biyu ne mutane ke haɗawa su kira su da suna ɗaya, alhali maganinsu ya sha bamban. Akwai raunin kamawa, inda tasha ke zuwa can ƙasa-ƙasa cikin shuu, ko rediyo ya yi ta zagaye yana nema ya riƙa tsallake tashoshin da a da yake tsayawa a kansu. Akwai kuma ƙarar da ke hawa kan tasha, inda muryar mai gabatarwa ke fita sarai amma wani kuka ko ƙas-ƙas yana biye da ita. Na farko yana nufin saƙon da tasha ta aiko bai iso cikin akwatin da ƙarfinsa ba, na biyu kuwa yana nufin wani abu a jikin motar ko a kusa da ita yana watsa tasa hayaniyar. Sukan haɗu a mota ɗaya, domin idan saƙon tasha ya yi rauni, ƙarar da a da take danne a ƙarƙashinsa sai ta fito fili, mai mota ya ɗauka sabuwar cuta ce ta same shi.

Kafin ka kwance ko noti ɗaya, ka mayar da akwatin kan filashi ko Bluetooth ko faifai ka saurara. Idan a nan ma sautin yana karkarwa ko yana yankewa, to maganar kamawa ba ta taso ba, sai a duba lasifika da wayoyinta. Idan kuwa sautin ya fita tas, sai ka nemi fili mai sarari, nesa da dogayen gine-gine da manyan wayoyin wuta, ka kashe inji, ka juya makulli zuwa inda rediyo kaɗai ke aiki, ka zare duk abin da ke jone a soket ɗin sigari da na caji. Ka kamo tashoshi uku ko huɗu da ka san suna da ƙarfi a unguwar, kamar Eko FM a 89.7 da Wazobia a 95.1 da Rediyon Legas a 107.5, domin ka taɓa farkon zangon da tsakiyarsa da ƙarshensa. Idan a wannan hali ma suna zuwa da rauni, to ka karkata ga eriya. Idan sun fita lafiya, amma da ka tayar da inji ko ka kunna fitila ƙara ta shigo, to motar ce ke haifar da abin da ke damun ta. Wannan gwajin na 'yan mintoci shi ne ke raba hanya biyu, kuma duk wanda ya tsallake shi zai yi ta lalube.

Wajibi ne kuma a cire laifin wuri daga laifin mota, musamman a gari irin Legas. Saƙon FM kusan a miƙe yake tafiya daga hasumiyar tasha zuwa eriya, don haka kankare da ƙarfe suna tare shi. Rediyon da ya dusashe a ƙarƙashin gadar Ojuelegba ko ta Obalende, ya dawo da ka fito, bai yi laifin komai ba. A tsakanin dogayen benayen Marina da Victoria Island kuwa wani abu ne dabam ke faruwa: saƙon yana bugun jikin gine-gine ya dawo, sai eriya ta karɓe shi ta hanyoyi da dama a lokuta da suka ɗan saɓa, wani ya soke wani. Alamarsa ita ce fat-fat ɗin da ake ji idan mota na tafiya a hankali cikin gosulo, kuma idan ka tsaya a danja tasha ta ɓace, matsawa gaba da taku biyu ko uku yakan dawo da ita. A kan gadar Third Mainland, wadda tsawonta ya kai kilomita 11.8 kuma ruwa ne fetal a gefenta, ya kamata manyan tashoshin gari su fita garau, don haka rediyon da ya kasa kamawa a can lallai yana da abin dubawa. Wucewa ƙarƙashin manyan layukan wuta masu kilobolt 330, ko tsayawa kusa da mai walda ko tsohuwar tiransifoma, yana kawo ƙara, musamman a zangon AM. Haka nan wanda ya ɗauki hanyar Ibadan zai ji tashoshin Legas suna raguwa sannu a hankali yayin da yake nisa, har su bar wa na Ogun da Oyo wuri. Hanya mafi sauƙi ta yanke hukunci ita ce ka roƙi wani direba da ke fake kusa da kai ya kamo tashar da kake nema. Idan nasa ma yana shuu, ka bar motarka ta huta.

Daga nan sai saitin akwatin, wanda mutane suka fi raina dubawa. Yawancin motocinmu tokunbo ne, wato waɗanda aka yi amfani da su a ƙasashen waje kafin a shigo da su, kuma kowace ƙasa da irin tsarin zangonta. A nan muna amfani da megahaz 87.5 zuwa 108, amma rediyon da aka ƙera domin kasuwar Japan yakan fara ne daga 76 ya tsaya a 90, sababbin cikinsu su ɗan zarce hakan, saboda haka mai irin wannan akwatin zai iya samun 89.7 amma ba zai taɓa jin tashoshin da ke can sama ba, komai kyan eriyarsa. Rediyon Amurka yana tsalle ne a kan lambobin mara, wato 88.1 da 88.3 da 88.5 har sama, kuma an yi sa'a yawancin tashoshin Legas a kan irin waɗannan lambobin suke. Inda yake ba da matsala shi ne matsakaicin zango, wato AM, domin shi yana tafiya da tazarar kilohaz 10, mu kuwa a wannan yanki tazarar 9 ake bi, ta yadda tashar da ke kan 594, zangon da aka san Rediyon Tarayya na Kaduna da shi, za ta faɗa tsakanin 590 da 600, ba za ta zauna daidai ba. Akwatunan Android masu allo suna da wurin zaɓen yanki a cikin saitinsu, kuma idan aka bar shi a kan Japan ko tsohon zangon gabashin Turai sai a yi ta neman tasha a inda babu ita. Zaɓen Turai shi ne ya fi dacewa da mu. Ka duba kuma ko an danna LOC, wanda ke sa rediyo ya tsaya a kan tashoshi masu ƙarfi kaɗai, sai ka mayar da shi DX. Idan akwai AF da TA a kunne, ka kashe su, domin an yi su ne saboda ƙasashen da tasha ɗaya ke da zanguna da yawa, a nan kuwa sukan sa wasu akwatunan su riƙa barin tasha suna tafiya nema. Wanda kuma yake neman sassan Hausa na gidajen rediyon ƙasashen waje a gajeren zango, ya sani cewa yawancin rediyon mota ba su da wannan zangon sam, ba lalacewa suka yi ba.

Idan saiti ya yi daidai amma rauni na nan, sai a fita waje wurin eriya, kuma a nan ne ya kamata a daɗe. Tsawon sandar eriya ba ado ba ne. Igiyar saƙon FM a tsakiyar zangon tana da tsawon kusan mita 3, kuma sandar da ta fi kama ta ita ce mai rubu'in wannan, wato kimanin santimita 75. Gajerun eriyoyin roba da ake gani a kan rufin mota suna cike giɓin ne da wayar da aka naɗe a cikinsu, wasu kuma da ƙaramar na'urar ƙara ƙarfi a gindinsu. Don haka sandar da ta karye rabi, ko wadda aka sace aka maye gurbinta da ɗan guntun ƙarfe mai sheƙi don kyan gani, ba za ta yi aikin ta asali ba. A tsofaffin motoci masu eriyar da ke fitowa da kanta idan an kunna rediyo, ka tabbata tana miƙewa har ƙarshe.

Abin da ya fi kashe eriya a Legas shi ne tsatsa. Iskar da ke tasowa daga teku tana ɗauke da gishiri, damina tana da tsawo, kuma motar da ke kwana a waje ba ta cika bushewa sosai ba. Ka murɗe sandar ka cire ta, ka leƙa cikin ramin da take shiga. Sau da yawa za ka tarar da wani farin gari ko kore-kore ya cika zaren, robar da ke kewaye da gindin ta tsattsage, kuma idan ka ɗan sassauta silin motar daga ciki za ka ga shatin ruwa ya zagaye notin da ke riƙe da gindin, ƙarfen wurin ya yi ja. Wannan notin yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin sandar rabin eriya ce kawai, ɗaya rabin shi ne ƙarfen jikin motar, kuma ta wannan wurin suke haɗuwa. Idan tsatsa ko sabon fenti ya shiga tsakaninsu, kamawa za ta faɗi kuma ƙara za ta ƙaru. Shi ya sa ake yawan jin wanda ya kai motarsa fenti ya dawo yana cewa rediyonsa ya mutu. Gyaran shi ne a kwance gindin, a goge wurin da samfefa har farin ƙarfe ya bayyana a ɓangaren ciki inda haƙoran wosha ke cizo, a ɗaure da kyau, sannan a shafa giris kaɗan a kai don hana ruwa, a kuma sauya robar idan ta mutu. A yi hattara wajen sauke sili da murafun ginshiƙan gefen gilashi, domin a motoci da yawa akwai jakar iska ta kariya a wurin, kuma wayoyinta masu rawayen soket ba abin taɓawa ba ne.

Daga gindin eriya zuwa bayan akwatin akwai wata waya mai kauri, wadda ke da siririyar waya a tsakiya da saƙaƙƙiyar riga ta ƙarfe a kewaye. Ta tsakiyar ce ke ɗauko saƙo, rigar kuma ita ce ke kare shi daga hayaniyar sauran wayoyin mota. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, don haka duk inda wannan rigar ta yanke, ko aka datse wayar aka murɗa ta da hannu aka naɗe da salatif, to nan ƙara za ta shiga. Ka zaro akwatin ka duba ko kan wayar ya shiga raminsa sosai, domin ramukan titi kaɗai sun isa su sassauta shi, kuma alamar hakan ita ce tasha ta riƙa ɗaukewa duk lokacin da mota ta faɗa rami. Idan akwai mitar awon wuta, a cire kan wayar daga rediyo, a sa mitar a wurin da take ƙara idan waya ta haɗu. Tsakanin tsinin tsakiya da sandar eriya ya kamata ta yi ƙara, tsakanin rigar waje da ƙarfen mota ma ya kamata ta yi, amma tsakanin tsinin da rigar bai kamata ta yi ba, idan ta yi to ruwa ko matsewa ya haɗe su. Wannan awon yana aiki ne a kan eriya marar na'urar ƙara ƙarfi, kuma wasu wayoyin suna da ƙaramar kwandansa a cikinsu wadda ke hana mita yin ƙara ko da lafiyarsu lau, saboda haka kada a yanke hukunci da shi kaɗai.

Gwajin da na fi amincewa da shi ya fi wannan sauƙi. A samo eriyar gwaji, ko ma wayar wuta mai tsawon santimita 75 da aka fere bakinta, a sa ta a tsakiyar ramin eriya na bayan akwatin, a miƙar da ita ta taga. Idan tashoshi suka dawo da ƙarfinsu, an wanke akwatin daga zargi, laifin yana tsakanin sanda da kan waya. Idan da wannan ma babu abin da ya sauya, sai a fara zargin akwatin.

Motocin da ba su da sanda suna da nasu sha'anin. A da yawa daga cikinsu eriyar siraran layuka ce da aka shimfiɗa a jikin gilashin baya, a saman layukan da ke busar da raɓa ko a haɗe da su, kuma tana dogara ne da na'urar ƙara ƙarfi da ke ɓoye a ginshiƙin baya. Wannan na'urar tana bukatar wuta mai bolt 12. Rediyon da ya zo da motar yana ba ta wutar da kansa, ko ta wata waya dabam, ko ta cikin wayar eriyar kanta kamar yadda ake yi a motocin Jamus da dama. Matsalar tana tasowa ne ranar da aka cire na asalin aka sa mai allo: mai haɗawa ya jona wuta da lasifika, sauti ya fito, aka kamo tasha ɗaya mai ƙarfi, kowa ya gamsu, amma shuɗiyar wayar da ke ciyar da na'urar eriya an bar ta a naɗe a baya. Na'urar da ba ta da wuta kuwa ba ƙara ƙarfi kaɗai take dainawa ba, tare saƙon take yi. Duk wanda rediyonsa ya raunana daga ranar da aka sauya masa akwati, wannan wayar ce farkon abin da zai sa a duba, kuma ya dace ya faɗa wa mai gyaran kai tsaye: “Malam, don Allah a auna mini ko wuta tana zuwa na'urar eriya.” Idan motar daga cikin masu karɓar wuta ta wayar eriya ce, akwai ɗan adafta da ake sayarwa domin wannan aikin. Ledar duhunta gilashi mai sinadarin ƙarfe a cikinta ita ma tana rage kamawa, kuma wajen kankare tsohuwar leda da reza ake yanke layukan eriya ba a sani ba. Ana iya haɗa layin da ya yanke da wani fenti na musamman mai ɗaukar wuta, ba sai an sauya gilashi ba.

Yanzu sai ɓangaren ƙara, inda kunne zai sake yin aiki. Kuka mai tsini da ke hawa idan ka taka totur ya sauka idan ka saki, na altaneta ne. Ƙas-ƙas mai sauri da ke bin juyin inji, wanda ke tsayawa nan take da an kashe makulli, daga fulogi ko koyil ko wayoyinsu yake, kuma ba a samun sa a motar dizal domin ba ta da tartsatsin fulogi. Kukan da ba ya sauyawa da totur, wanda ake ji na daƙiƙa biyu ko uku da an juya makulli tun kafin inji ya tashi, na famfon mai ne. Wanda ke zuwa tare da waifa, ko fankar sanyaya cikin mota, ko lokacin da fankar lagireto ta tashi, ya riga ya faɗi sunansa. Bayan ka ji irin kukan, sai ka gano ƙofar da yake shigowa: ka zare wayar eriya daga bayan akwatin alhali inji na aiki. Idan ƙarar ta ɓace, ta iska take zuwa eriya tana ɗauka. Idan ta ci gaba, har ma ana jin ta a kan filashi, to ta wayoyin wuta ko ta wayar at take shigowa, wato wayar da ke haɗa akwatin da ƙarfen jikin mota.

Sai dai a motocin yau, kafin a zargi inji, ya kamata a fara da kayan da muka jona da hannunmu, domin su ne suka fi yawan laifi. Cajar wayar da ake saya a hannun masu talla cikin gosulo tana sauke bolt 12 zuwa bolt 5 ne ta hanyar kunna wuta da kashe ta sau dubbai masu yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma masu arha ba a sa musu abin da zai tace hayaniyar da wannan ke haifarwa ba, sai igiyar cajin ta zama eriya mai watsa ta a cikin mota. Abin da ke ruɗa mutane shi ne ba kullum take yin kuka ba, wani lokaci dusashe tasha kawai take yi, kamar an yi nisa da gari. Ka kamo tasha mai matsakaicin ƙarfi, ka zare cajar, ka mayar, ka sake zarewa. Idan murya tana washewa tana dusashewa tare da hannunka, ka gama bincike. Haka za ka yi wa kyamarar gaban mota, da injin da ke mayar da wutar batir ta zama ta gida, da kuma ɗan abin nan da ake sokawa a soket ɗin sigari domin a ji waƙar waya ta rediyo. Shi wannan ƙaramar tashar FM ce da kansa, kuma a gari mai cunkoson tashoshi irin Legas da wuya ya sami zangon da babu kowa, don haka yakan danne tashar da ke maƙwabtaka da lambar da aka sa shi, wani lokaci ma har a motar da ke gefenka.

Ƙwayayen fitila na LED da ake sauya na asali da su suna da irin wannan halin, kuma suna da sauƙin kamawa, domin rediyon da ke lafiya da rana ya lalace da magariba, daidai lokacin da aka kunna fitila, ya riga ya nuna inda za a duba. Maganinsu shi ne a sayi masu inganci, ko a maƙala wa wayoyinsu zoben ferait, wato ɗan zoben da ke tace hayaniyar wuta, kusa da ƙwan, ko a koma wa na asali. Na'urar bin sawun mota da ake ɓoyewa a bayan dashbod ita ma takan yi wani dit-dit lokaci-lokaci idan an ɗaura ta dab da wayar eriya, amma idan motar ta maigida ce ko ta kamfani, kada direba ya taɓa ta sai da izini, ya bari wanda ya ɗaura ta ya matsar da ita. Idan an zare duk waɗannan ƙara ba ta tafi ba, sai a riƙa cire fis ɗaya bayan ɗaya ana saurare, ana mayar da kowane kafin a cire na gaba, tare da barin na inji da na birki da na jakar iska. Ƙaramin rediyo mai batir da aka sa a zangon AM inda babu tasha yana taimakawa ƙwarai, domin idan ana zagayawa da shi a jikin mota, ƙararsa tana ƙaruwa yayin da ya kusanci abin da ke watsa hayaniyar.

Idan bincike ya kai ga altaneta, a auna ta da mita. Batir mai lafiya da ya huta yana nuna kimanin bolt 12.6, idan inji na aiki kuma ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.5. Sannan a juya mitar zuwa awon wutar AC a sake ɗora ta a kan batirin inji na aiki. Idan ta kai rabin bolt ko ta haura, alama ce cewa ɗaya daga cikin diyod ɗin altaneta, wato 'yan abubuwan da ke daidaita wutar da take fitarwa, ya mutu, kuma wannan ya wuce maganar rediyo, domin batirin ma zai bi baya. Ina roƙon masu mota da kada su yarda a gwada musu altaneta ta hanyar cire kan batir alhali inji na aiki. Al'ada ce da ta rage daga zamanin motocin da ba su da kwamfuta, kuma a motar yau wutar da ke tashi a wannan lokacin tana iya ƙona kwamfutar inji da rediyon gaba ɗaya. Ko da inji a kashe ne, kafin a cire batir a tabbata an san lambar sirrin rediyon idan mai lamba ne, kamar yadda yake a motocin Honda da yawa, don kada a gyara ƙara a koma neman mai buɗe akwati.

Game da fulogi kuwa, akwai masu ɗan abin rage tartsatsi a cikinsu da marasa shi, kuma a lambar fulogin NGK harafin R ne ke nuna mai shi, kamar BKR6E. Idan ƙas-ƙas ya fara ne bayan an yi wa mota sabis, a duba irin fulogin da aka sa, a kuma duba wayoyinsu da koyil ko sun tsage. Sai wayoyin at, waɗanda ake yawan mantawa da su: babbar da ta tashi daga batir zuwa jikin mota, da saƙaƙƙiyar da ke haɗa inji da jiki, wadda makanikai kan manta su mayar bayan an sauke inji ko giya, da kuma ta akwatin kansa. Kowace a kwance ta, a goge, a ɗaure a kan tsiraran ƙarfe. Wanda ya sa amfilifaya a but ya tabbata wayar sauti ba ta bi gefe ɗaya da babbar wayar wuta ba, kuma at ɗinta gajere ne. Na'urar tace ƙara da ake sayarwa tana da amfani, amma a bar ta ta zama ta ƙarshe, domin idan aka ɗaura ta a kan at mai tsatsa ko altaneta mai mataccen diyod, ɓoye alamar kawai za ta yi, cutar tana nan tana ci.

A duk wannan aikin, abu ɗaya za a riƙa sauyawa a lokaci guda, a saurara a kan tasha ɗaya a wuri ɗaya, sannan a wuce na gaba. Wanda ya sauya eriya da fulogi da caja rana ɗaya, ko ƙarar ta tafi bai san wanne ne ya yi maganin ba, kuma ya biya kuɗin abu biyu a banza.

Akwai lokacin da laifin na akwatin ne da gaske, musamman idan ruwa ya taɓa shiga motar a ambaliyar damina, ko ramin eriyarsa ya ɓalle daga allon ciki, ko kuma yana cikin masu allon nan masu arha waɗanda sashen kama tasharsu ba shi da ƙarfi tun daga masana'anta. Ramin da ya ɓalle mai gyaran rediyo zai iya like shi da dalma. Idan kuwa sauyawa ta zama dole, kada ka biya kuɗi a kan gwajin da aka yi a kan teburin shago. Ka sa a jona shi a cikin motarka da eriyarka, ka tabbata zangonsa ya tashi daga 87.5 ya kai 108, a haɗa wayar na'urar eriya a gabanka, sannan ka tayar da inji, ka kunna fitilu da fanka, ka kamo wata tasha marar ƙarfi sosai ka ji yadda take fita kafin a mayar da murfin dashbod a ɗaure.